Waya, kamfani da gwamnati: tambayoyin da mutanen Maradi ke yi da amsoshinsu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa duk inda anka zauna zancen waya da intanet, a fada wurin shayi, a bakin babbar kasuwa, a tasha, wasu kuma mata ne ke aiko su ta bakin ƴaƴansu. Na tattara su wuri ɗaya na amsa da abin da na tabbatar, wasu amsoshin sun yi tsawo don maganar tana da yawa, wasu kuma gajeru ne.

Kamfanonin waya nawa ne a Nijar, kuma na su wa ne?

Huɗu ne. Airtel na Indiyawa ne, kamfanin Bharti ne ya sayi harkar Zain ta Afirka a 2010, waɗanda sunka manyanta za su tuna kafin Zain ma sunansa Celtel. Moov Africa yana ƙarƙashin Maroc Telecom na ƙasar Maroko. Zamani Telecom shi ne tsohon Orange, Faransawa sunka sayar da shi a 2019. Sai Niger Telecoms, wanga na gwamnati ne, a 2016 anka haɗe Sonitel da SahelCom anka fito da shi.

Sanin mai kamfani ba ɓata lokaci ba ne, don inda mai abu yake can ake yanke babbar shawara kuma can riba ke tafiya. Sannan huɗu ba su da yawa, in dukkansu sunka yi maka abu iri ɗaya ba ka da wurin gudu, shi ya sa za ka ga ɗan kabu-kabu da sim uku a aljihu yana ta canzawa amma kukansa bai canza ba.

Na sa forfe yanzu-yanzu ya ƙare ban yi komi ba, wai ba sata ba ce wannan?

Wagga ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma amsarta kashi biyu ce.

Kashi na farko yana cikin wayarka. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix da yawancinmu ke riƙewa, da sauran masu Android, da zarar ka kunna koneksiyo suna iya fara ayyukan da ba ka sa su ba, manhajoji na sabunta kansu, hotuna na hawa can ma'ajiyar Google, WhatsApp na sauke duk hoton da anka zuba a gurup goma sha da kake ciki ko ba ka buɗe ba, Facebook da TikTok kuma bidiyo na tashi da kansa tun kafin ka taɓa. Bidiyo shi ke cin mega, rubutu da vokal ba su cin komi in anka gwada da shi. Ka shiga saitin waya wurin da ake nuna yawan abin da kowace manhaja ta ci, za ka gani da idonka, sannan ka kashe saukewa da kai a WhatsApp. In kana raba koneksiyo da yaran gida kuwa to ka san inda rabi ya tafi.

Kashi na biyu kuma ba laifinka ba ne ko kaɗan, kuma nan ne raina ke ɓaci. Akwai abubuwan da ake liƙa ma layi, waƙar da mai kira ke ji, sakamakon ƙwallo, saƙonnin wai fatan alheri, kowace rana ana cire dala biyar ko dala goma. Na ga wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai, ba ta iya karatu ba, saƙo ya fito mata a allo da Faransanci ta danna don ta kore shi ashe amincewa ta yi, duk ranar da ta sa kiredin dala ɗari don ta kira ɗanta da ke ci-rani sai ta tarar an rage kafin ta kira, ta daɗe tana zargin jikanta da ke taɓa wayar har yaron ya sha faɗa a banza. Shigar da ita danna ɗaya ce, fitar da ita kuwa sai da anka bi lamba bayan lamba. Wanda ya tsara abin haka ya san abin da yake yi. Haka ma forfen da ke mutuwa da tsakar dare da sauran mega a ciki alhali ka biya kuɗinsa, ko kuma ya ƙare shiru waya ta koma cin kiredinka da tsada ba tare da an tsaya an tambaye ka ba.

Babbar matsalar ita ce awo. A kasuwar hatsi mai saye yana ganin tiya ana cika ta gabansa, in bai yarda ba ya ce a sake, amma nan mai sayarwa ne kaɗai ke riƙe da tiyar kuma a ɗaki yake aunawa ya fito ya ce maka ta cika. Don haka dole sai an samu wani na uku mai iko da zai duba awon.

To wa ne ne na ukun? Ina zan kai kuka?

Hukumar ARCEP, ita ke sa ido kan kamfanonin sadarwa da gidan waya, a 2018 ta maye gurbin wadda ake ce ma ARTP. Ita ke bin sharuɗɗan lasisi, ita ke auna ingancin rezo, kuma ta taɓa cin kamfanonin tarar biliyoyin sefa saboda rezo marar kyau.

Amma kar ka fara da ita. Fara da kamfanin, ka kira su ko ka tafi ajans, ka faɗi rana da lokaci da adadin abin da anka cire, ka ɗauki hoton allon waya kafin da bayan, kar ka goge saƙonnin da sunka turo. In ba su gyara ba sai ka rubuta ma ARCEP da hujjojinka, ko ka bi ta ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye. Mu matsalarmu mun iya kuka a fada amma ba mu iya ajiye hujja ba, mutum zai rantse an cuce shi ka ce yaushe ya ce kwanaki. Kwanaki ba ta shiga takarda. Kuma koken mutum ɗaya kan dala hamsin ba wanda zai tashi tsaye dominsa, na mutum ɗari biyu daga unguwa ɗaya, Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Bagalam, da sa hannu da lambobi, wannan kam sai an amsa.

Abin da nake so kowa ya riƙe, tarar da ake ci ba aljihunka take dawowa ba. Kai anka cuta, hukuma ta karɓa. Haƙƙinmu ne mu tambaya ko an biya tarar da gaske, mi anka yi da kuɗin, kuma rezon Dakwaro da Mayahi ya gyaru bayan nan ko yana nan yadda yake.

Facebook da WhatsApp ba mu biyan su ko dala, da mi suke cin riba?

Da talla. Kamfani ɗaya ne mai suna Meta ke da Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sayi Instagram a 2012 kan dalar Amurka biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 kan kusan biliyan 19. Ba wanda zai zuba irin wanga kuɗi don Allah da Annabi. Abin da suke tarawa shi ne bayani a kanka, shekarunka, garin da kake, irin wayarka, su wa kake hulɗa da su, wane bidiyo ka tsaya ka kalla wane ka wuce, sai su ce ma masu talla ga mutanen da kuke nema. Don haka duk abin da zai sa ka daɗe kana kallo riba ne gare su, ko alheri ne ko fitina.

Kuma bayanin yakan fita hannunsu. A 2018 asiri ya tonu cewa wani kamfani na Ingila mai suna Cambridge Analytica ya samu bayanan mutane har kusan miliyan 87 daga Facebook don aikin siyasa, a 2019 hukumomin Amurka sunka ci Facebook tarar dalar Amurka biliyan 5.

Gaskiya ne ana karanta saƙonnina na WhatsApp?

Tun 2016 saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya daga wayarka zuwa wayar wanda ka aika ma, kamfanin layi ba ya iya buɗe shi a hanya, su ma masu WhatsApp ɗin ba su ganin abin da ke ciki. Amma kar wannan ya sa ka saki jiki. Ana sanin wa ka tuntuɓa da yaushe, ko ba a san mi kunka ce ba. Kiran waya na yau da kullum da SMS kuwa ba su da wanga kulli, kuma a 2020 majalisar dokokin Nijar ta amince da dokar da ta ba hukuma damar sauraren sadarwar mutane da sunan tsaron ƙasa, ƴan adawa na lokacin da ƙungiyoyin farar hula sun yi ta suka don suna ganin ba a ba alƙalai isasshen ikon sa ido ba. Akwai kuma manhajojin leƙen asiri masu shiga cikin wayar kanta irin su Pegasus na wani kamfanin Isra'ila, WhatsApp da kansa ya kai su ƙara a 2019 kan kutsen da anka yi ma wayoyi kusan 1,400, sai dai wannan kaya ne mai tsada, ƴan jarida da ƴan siyasa ake ɗana ma.

Ni da kai haɗarinmu ya fi kusa. Gurup mai mutum ɗari uku ba sirri ba ne, mutum ɗaya ya isa ya ɗauki hoton maganarka ya kai inda ba ka so. Sai wurin gyaran waya, mutum ya miƙa wayarsa da lambar sirrinta ya tafi sallar la'asar ya dawo, a ciki akwai hotunan iyalinsa da asusun kuɗinsa. Yawancin masu gyara mutanen kirki ne masu neman halak, amma gyaran wurin caji ko batir ba ya buƙatar a buɗe wayarka, in ya zama dole a buɗe to ka tsaya a yi gabanka. Ƴan uwana mata ku kam ku fi kowa kiyaye wannan, an kashe aure da yawa da hoton da ya fita ta irin wagga hanya.

Wani ya ce in ara mashi katin ɗan ƙasa ya yi rajistar sim, akwai matsala?

Akwai, kar ka yarda ko ɗan ɗakinku ne. Layin da anka yi rajista da sunanka naka ne a idon hukuma, in anka yi damfara da shi ko anka kira iyalan wanda anka sace ana neman kuɗin fansa, ƙofarka jandarma za su fara bugawa. In sim ɗinka ya ɓace ma ka tafi a rufe shi.

Muna da doka a kan wannan fannin. A 2017 anka yi dokar kare bayanan mutane wadda ta kafa hukumar HAPDP, anka sake sabuwa a 2022. A taƙaice duk wanda zai karɓi bayaninka ya kamata ya gaya maka don mi, kar ya yi wani aiki da shi daban, kuma ya adana shi. Dokar tana da kyau a takarda. Amma ka shiga wasu wuraren ka ga fotokofin katunan mutane jibge cikin kwali a ƙasa kowa na wucewa, da hoto da sunan uwa da ranar haihuwa, sai ka gane tsakanin Yamai da nan akwai tafiya.

Gwamnati tana da ikon yanke intanet duk lokacin da ta so?

Ta taɓa yi. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairun 2021, da rikici ya tashi, an yanke intanet na wayar hannu kusan kwana goma. Yadda ake yi ba wuya, umarni ake ba kamfanoni su kuma su bi, don lasisinsu yana hannun mai ba da umarnin. Maƙwabtanmu ma sun gani, Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a Satumbar 2021 an kashe rezo gaba ɗaya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda ƴan bindiga.

Ni ba na cikin masu cewa maganar tsaro ƙarya ce, wanda ke da dangi wajen Madarunfa ko Gidan Runji ya san abin da ƴan bindiga sunka yi ma mutane, ya san kuma suna aiki da waya. Amma in anka kashe rezo ba ɓarawo kaɗai ke shiga duhu ba, har da ɗan ƙauyen da zai kira a kawo ɗauki, da mai naƙuda, da ɗan kasuwar da kayansa ke hanyar Ɗan Isa bai san inda sunka kwana ba, da ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke jiran darasi a waya. Abin da nake gani daidai shi ne in har za a yi, to a fito a faɗi wa ya ba da umarni, da wace doka, zuwa yaushe, kuma a bar ƙofar kotu buɗe ga wanda bai yarda ba. Sannan forfen da mutane sunka saya ya mutu cikin kwanakin da anka yanke, wa zai biya? Kamfani ya ce ba shi ya yanke ba, hukuma ta yi shiru, talaka ya ɗauki asara.

Za a iya kama ni don na tura abin da wani ya rubuta?

Ƙwarai kuwa. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da zai iya tada hankalin jama'a, kuma yaɗawa ta haɗa da wanda ya tura ba wanda ya ƙirƙira kaɗai ba. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna da zagi anka bar tara, a watan Yunin 2024 kuma hukumomin soja sunka maido da ɗaurin, shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da zai dagula zaman lafiya. Cewa ni ma turo min anka yi ba ta fid da kai.

Akwai buƙatar doka, wannan ba gardama, mun ga yadda ake ɗaukar hoton ƴar mutane a haɗa da ƙarya a watsa, mun ga vokal ɗaya ya kusa haɗa unguwa faɗa. Damuwata ita ce kalmar tada hankalin jama'a tana da faɗi ƙwarai, mai mulki na iya shigar da duk maganar da ba ta yi mashi daɗi ba a cikinta. A watan Yunin 2020 an kama ƴar jarida Samira Sabou da wagga doka bayan ta yi rubutu a Facebook kan binciken kuɗin sayen makamai na ma'aikatar tsaro, ɗan shugaban ƙasa na lokacin ne ya kai ƙara, ta yi makonni a gidan kaso a Yamai kafin kotu ta sallame ta. Lokacin mulkin farar hula ne fa. Don haka maganar ba ta wace gwamnati ba ce, duk wanda ya hau zai tarar da sandar a ajiye.

Kuɗin da ke cikin waya ko wurin masu tura kuɗi, wa ke tsaronsu?

Harkar kuɗi a ƙasashen sefa na yammacin Afirka babban bankin BCEAO mai hedkwata a Dakar ne ke tsara ta. Nita da Amana da Al Izza da kuɗin waya irin su Airtel Money sun sauƙaƙa rayuwa ba kaɗan ba, da can sai ka ba direba kuɗi a ambulan kana addu'a, yau ɗan ci-rani zai turo daga Agadas ko Kwatano kafin ya ajiye waya tsohuwa ta karɓa. Ka dai riƙe resi ko saƙon shaida har sai kuɗi sun isa.

Ɓarayin ma sun koyi aikin. Za a turo maka saƙo mai kama da na kamfani wai an sa maka jika ashirin, sai wani ya kira da murya abin tausayi, don Allah alhaji kuskure na yi kuɗin maganin mahaifiyata ne ka maido min. Kar ka duba saƙon, duba asusunka da kanka. Wani kuma zai ce daga kamfani yake ka ci kyauta ka faɗi lambar da ta shigo yanzu. Ba ma'aikacin kirki da zai tambaye ka lambar sirri. Haka masu cewa zuba jika goma ka kwashi ashirin a wata, MMM ta tafi da kuɗin mutane a Najeriya a ƙarshen 2016, CBEX ta sake yin haka a 2025, suna kawai ake canzawa.

Akwai wani darasi da alhazan Maradi sunka sha da jikinsu. Da babban bankin Najeriya ya canza fasalin naira, farkon 2023 takardar kuɗi ta ɓace, ciniki tsakaninmu da Jibiya da Katsina da Kano ya koma sai taransifa, ga rezo na yankewa, an cire ma mai saye kuɗi ba su isa ga mai kaya ba, ana tsaye ana rantse-rantse. Shawara ce da anka yanke a Abuja amma ta hana mai kanti a nan barci. Shi ya sa ban yarda da masu son a kashe kuɗin hannu gaba ɗaya ba.

Mi ya haɗa ɗauke wuta da lalacewar rezo?

Eriyar waya da lantarki take aiki, in babu sai batir da janareto da gazuwal, in sunka ƙare ta yi shiru. Wutar Maradi da Damagaram mafi yawanta ta layin Katsina take zuwa, mun ga haka ƙarara a watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke ta saboda takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo ba sai bayan an ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Intanet ɗin ma haka, ba mu da teku, manyan wayoyin da ke ɗauke da shi ƙarƙashin ruwa suke sauka a ƙasashen gaɓa sannan a jawo mana ta ƙasa, da wasunsu sunka katse a watan Maris 2024 ƙasashe da yawa na yankinmu sun ji a jikinsu.

Starlink fa, ba shi ke nan mun huta ba?

Ya fara aiki a Nijar a hukumance a 2025, kuma ga ƙauyen da eriya ba ta kai ba taimako ne babba, makaranta ko gidan likita na iya samun koneksiyo daga tauraron ɗan adam kai tsaye. Sai dai kayan da kuɗin wata sun fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma na kamfanin SpaceX ne na Elon Musk a Amurka. Farashi da sharaɗi can ake yanke su. Ƙarin mai gasa abu ne mai kyau, zai sa sauran su farka, amma shi ma sai an sa mashi ido.

Don mi ake barin zagi da ƙarya da Hausa suna yawo, ko an kai rahoto ba a cirewa?

Don kamfanonin sun fi zuba kuɗin tacewa a harsunan da ke kawo masu talla. Na'urar da ke gane zagi da Ingilishi ba ta gane habaici da zambo ba, balle vokal da harshen Gobir ko bidiyon TikTok da anka yi da karin magana. A ƙasar Myanmar sai da anka yi ta zubar da jinin Musulmin Rohingya sannan Facebook ya fito a 2018 ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana a yi amfani da shi a hura wutar ƙiyayya. A WhatsApp kuma tunda saƙo a kulle yake ba mai tacewa sam, abin da sunka yi shi ne rage yawan wuraren da za ka iya tura saƙo ɗaya a lokaci guda zuwa biyar a 2019.

Saura ya rage gare mu. Bidiyon hari na wata ƙasa na shekarun baya sai a sa mashi sunan wani ƙauye na kusa a ce yau da asuba, uwaye su kwana ba barci. Yanzu kuma ga na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum har ka rantse malam wane ne ya yi maganar. Kafin ka tura, kira wani da ke garin da anka ambata, ba ya ɗaukar minti biyu.

Kamfanin da ya fi ƙasarmu kuɗi, ta yaya za mu iya da shi?

Gaskiya ne ya fi mu. Kuɗin da Meta ya samu a 2023 ya wuce dalar Amurka biliyan 130, duk abin da Nijar ta samar a shekarar bai kai biliyan 20 ba. Amma ba a nan take tsayawa ba. Tarayyar Turai ta ci Meta tarar yuro biliyan 1.2 a 2023 kan kwashe bayanan mutanenta zuwa Amurka. Najeriya ta ci shi tarar dalar Amurka miliyan 220 a watan Yulin 2024. Nan gida ma a ƙarshen 2018 hukumar haraji ta rufe ofisoshin Orange a Yamai kan rigimar haraji. Ke nan in hukuma ta so tana iyawa, musamman kan masu eriya da ofis a ƙasarmu. Na waje masu nisa kuwa sai ƙasashe sun haɗa baki, don kasuwar Nijar ita kaɗai ba ta isa ta tsorata su ba.

Abin da na lura shi ne hukuma ta fi zafi in kuɗinta ne ya maƙale. Ina so in ga irin wannan zafin ranar da kiredin mai ƙosai ne ya ɓace.

To ita gwamnatin wa zai tambaye ta?

Mu ne, ba wani. Tun 2011 akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani da takardun hukuma, mutane ƙalilan ne sunka san da ita balle su yi aiki da ita. Majalisar dokoki da ke iya kiran minista ta tambaye shi an rushe ta a Yulin 2023. An dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, an dakatar da BBC wata uku a Disambar 2024. Na san a Maradi akwai masu goyon bayan waɗannan matakai da zuciya ɗaya saboda abin da munka gani na Faransa shekara da shekaru, akwai kuma waɗanda ba su yarda ba, ba zan raba wagga gardama a nan ba. Abin da nake cewa shi ne duk lokacin da masu tambaya sunka ragu to nauyin tambaya ya ƙaru a kan sauran, kuma son ƙasa bai hana ka ce a nuna maka lissafi ba. In mun ce mun karɓi ƴancinmu daga baƙi, to ya kamata ɗan ƙasa ya fi samun amsa yanzu fiye da da.

Tambayoyin ma ba na faɗa ba ne. Nawa kamfanonin waya sunka biya na lasisi da haraji, ina anka sa su? Wane ƙauye anka yi alkawarin kai ma eriya kuma an kai? Bayanan da ake karɓa wurin rajista, da hoto da zanen yatsa, ina ake ajiye su, wane kamfani anka ba kwangilar, wa ke da izinin buɗewa? Ana iya yin su a shirin rediyo da ake buɗe layi, ana iya rubuta ma hukumar gari ko gwamna, ƙungiyar ƴan kasuwa ko ta ɗalibai na iya sa hannu tare. Ka yi da ladabi, da sunanka, da hujja, ba zagi ba ƙage, don dokar da na faɗa a sama tana nan.

Baba bai iya karatu ba amma yana da waya kuma ana turo mashi kuɗi, ya zan yi in kare shi?

Allah ya saka maka da alheri da ka tuna da shi. Ka zauna da shi ka duba ko akwai abin da anka liƙa ma layinsa ka cire. Ka tabbatar sim ɗin da katinsa anka yi rajista ba da na mai shago ba. Lambar sirri kar ta zama shekarar haihuwa ko 1234, kuma kar a rubuta ta a bayan waya, a gida mutum ɗaya amintacce ya isa ya sani. Ka sa ma lambobin ƴaƴansa hoto don ya gane mai kira. Sannan ka roƙe shi abu ɗaya, ka ce Baba duk wanda ya kira ya ambaci kuɗi ko kyauta ko lamba, ko ya ce ɗanka na hannun ƴan sanda a turo yanzu, ka kashe ka kira ni tukuna. In zai karɓi kuɗi a ajans kuma a ƙirga gabansa a ba shi resi, ya kawo maka ka duba ko adadin ya yi daidai da abin da anka turo.